Kada A Ce "An Huta"

Akwai wata magana da ake yi a gidan makoki wadda a ganina ya kamata mu bar ta. Idan wanda ya rasu mai ciwon Down ne, watau irin yaran nan da wasu ke kira masu galahanga, sai ka ji masu ta'aziyya suna ce wa uwar, "Ai kin huta, shi ma ya huta." Sun ɗauka lallashi ne. Lalle kuwa ba lallashi ba ne, ƙarin gishiri ne a kan miki.

Da farko, ba aljanu ne suka yi musanyarsu ba, ba kuma 'yan ruwa ba ne, kamar yadda ake ta camfi. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, shi ya bayyana kamanninsu a 1866. A 1959 masana a Faransa suka gano dalili: kowane mutum yana da zaren halitta 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, su kuwa suna da 47, domin na 21 ya zo uku maimakon biyu. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓi 21 ga wata na 3 ta zama ranar tunawa da su, tun daga 2012. Kusan rabinsu da ciwon zuciya ake haifarsu.

Ciwon zuciyar nan shi ya ɗauke kawuna, ƙanen mahaifiyata. Bai iya karatu ba, maganarsa ma sai wanda ya saba ke ganewa. Amma shi ke cika butocin masallacin unguwarmu kafin azahar, shi ke share zaure, kuma babu maƙwabcin da zai wuce bai tsayar da shi sun gaisa ba, ko yana sauri ko ba ya yi. Yana da fushi ma, kada a ce na mai da shi waliyyi. In aka taɓa rediyonsa, ranar ba mai jin daɗi a gidan. Kakata ta yi shekaru tana dafa abinci da shi a zaune gefen murhu. Mako guda bayan rasuwarsa tana zuba tuwo a kwanonsa cikin mantuwa. Wannan ce za a ce wa ta huta?

Wani zai ce ai renonsu da wahala, kuma gaskiya ne. To, wane ɗa ne ba a sha wahalarsa ba? Da malami ya rasu, ko ɗan kasuwa, ba wanda zai ce wa iyalinsa sun huta. Sai a ambaci alherinsa, a yi masa addu'a. Su ma haka ya kamata a yi musu, a zo sadakar uku da ta bakwai kamar yadda ake zuwa ta kowa.

Sa'an nan, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai masu rai a unguwanninmu. A daina kiransu dolo ko gaula, a daina kulle su a ɗaki in an yi baƙi. In an haifi irinsu, a kai shi asibiti da wuri a duba zuciyarsa, domin da kyakkyawar kulawa da yawansu yanzu suna kai shekara 60 a ƙasashen da ake yi musu aiki tun suna jarirai. In kuma an yi haihuwa a gidan da aka yi rashin, a mayar wa jaririn da sunan mamacin, kamar yadda ake yi wa kakanni.