Borin Jini Mai Tsanani: Allurar Gaggawa da Rubutun da Ke Bin Majiyyaci a Fayil

A sashen agajin gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kamar sauran asibitoci, likitan da aka kawo wa mutum yana haki, fatarsa ta yi ruɗu-ruɗu bayan shan magani, ba shi da lokacin dogon nazari. Ƙa'idar likitanci ita ce a yi masa allurar adrenalin a cinya nan take, domin borin jini mai tsanani, wanda likitoci ke kira anafilaksis, yana iya toshe maƙogwaro ya kuma karya hawan jini cikin mintoci. Wannan hanzari daidai ne, ko da daga baya ta bayyana cewa firgici ne, ko asma, ko suma saboda tsoron allura.

Matsalar tana farawa ne bayan majiyyaci ya farfaɗo, aka rubuta a fayil ɗinsa cewa jikinsa ba ya karɓar wani magani, ba tare da an sake bincike ba. A Amurka kimanin mutum ɗaya cikin goma ke ɗauke da irin wannan rubutu game da fenisilin, amma idan aka gwada su, fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su da matsalar. A nan gida kuwa, mutane da yawa sun ɗauki ƙaiƙayin da kulorokwin ke jawo wa baƙar fata a matsayin borin jini, alhali ba shi ba ne. Gwajin jini na tiriftes, wanda ke taimakawa wajen tantancewa, dole a ɗauki jininsa cikin 'yan sa'o'i da faruwar abin, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba.

Jihar Gombe tana da dalilin kula da wannan fiye da wasu. A asibitin masu saran maciji na Kaltungo, wani gwaji da aka wallafa a 2010 kan mutum 400 da kububuwa ta sara ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar jikinsu ya yi bori da makarin dafi, amma mafi yawansu ba mai tsanani ba ne. Manomin da aka tsorata da cewa makarin ya kusa kashe shi na iya ƙin dawowa asibiti idan maciji ya sake saransa, ya tafi wajen mai magani a ƙauye yana zubar da jini.

Ma'aikacin tarayya da ke ƙarƙashin inshorar NHIA, wanda ake yi wa canjin wurin aiki daga Gombe zuwa Abuja, wannan rubutu na iya bin sa. Likitan da bai san shi ba zai guje wa fenisilin mai araha, ya rubuta masa maganin da ya fi tsada, wanda kuma ke ƙara wa ƙwayoyin cuta turjiya. Duk wanda aka sallama da wannan shaida ya kamata ya nemi a rubuta sunan maganin, da alamomin da aka gani, da tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su bayyana, sannan a ba shi ranar komawa ganin likita.