Ina rubutun ya kwana?

Marubucin da ba ya cin albashin kowace jarida, wanda ke sayar da rubutunsa ɗaya bayan ɗaya, yana da haƙƙin sanin inda aka buga shi. Masu jaridu kan ce ai an biya kuɗi, ciniki ya faɗa. Amma rubutu ba buhun gero ba ne. Sunan mai shi na manne da shi duk inda ya je, kuma in aka datse shi ko aka jera shi a shafin wata jam'iyya, mai sunan za a tuhuma.

A Amurka maganar ta kai gaban alƙali. A shekarar 1993, Jonathan Tasini, shugaban wata ƙungiyar marubuta, da abokansa suka yi ƙarar jaridar New York Times da wasu kamfanoni, domin sun tarar da rubuce-rubucensu cikin rumbun kwamfuta na Nexis, ana sayar wa jama'a ba da izininsu ba, ba a kuma ba su ko dala ba. Shekara takwas ana shari'a. A 2001 Kotun Ƙoli ta ba marubutan gaskiya, alƙalai 7 a kan 2.

Jaridar kuwa ba ta jira hukunci ba. Tun 1995 take sa marubuta su sa hannu a takardar da ta mallaka mata ikon watsa aikinsu ta kwamfuta. Bayan hukuncin kuma ta ce za ta share dubban rubuce-rubuce daga rumbunta, sai na wanda ya yafe haƙƙinsa.

Ya wajaba, kafin a miƙa kuɗi, takardar ciniki ta ambaci jaridar da za ta buga, da sau nawa, da wanda za a sake sayar wa.