Jami'a da Gurgun Manomi

Akwai waɗansu masu ilmi da ke cewa wai aikin jami'a karantar da ɗalibai ne kurum, sha'anin naƙasassu da rigimar gidaje kuwa sai a bar wa masu sadaka da alƙalai. Wannan magana ba ta da tushe. An kafa Jami'ar Sakkwato cikin 1975, aka sake mata suna cikin 1988 ta zama ta Usmanu Ɗanfodiyo. Shehun da ta ci sunansa kuwa bai tsaya zaure yana jiran almajirai ba, ya yi yawon wa'azi har Kabi da Zamfara, yana yi wa talakawa bayani da harshen da suke ji.

A dubi Illela, garin da ke bakin iyaka daura da Birnin Ƙonni, wanda cinsa da shansa suka rataya ga kasuwa da gona. An rufe iyakar nan cikin Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufe ta cikin Agusta 2023 har Maris 2024. Mai gidan da ya saba komowa da kuɗin cefane, in ya yi wata da watanni yana komowa hannu wofi, a kan wa zai huce? A kan matarsa da 'ya'yansa mana. Alƙali yana iya raba aure, amma ba ya koya wa mutum haɗiye fushi. Wannan ilmi ne, akwai masu shi, har ga asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, bisa hanyar Illela ɗin. Ƙauyawa kuwa ba za su tafi can ba, gudun kada a ce sun taɓu. Ashe lalle sai masanan su taka su same su, su zauna da limamai da masu unguwa da ungozomai, waɗanda tun asali su ake kai wa ƙara.

Sha'anin manomi naƙasasshe ya fi ban takaici. Cikin Janairu 2019 aka sa hannu ga dokar hana wariyar naƙasassu a Nijeriya. Madalla, amma doka ba ta riƙa wa kuturu ƙota. Wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, ko makahon da ya san gonar ubansa kunya kunya, kayan aiki daidai jikinsa yake bukata. Manoman Nijar suna da doguwar hauya wadda ake noma da ita a tsaye. Me zai hana malaman sashen noma su zauna da maƙeran Illela su gyara irinta domin wanda ba ya iya sunkuyawa, su kuma tsara fangalin albasa a bakin tafkin Kalmalo yadda mai rarrafe zai iya ban ruwa?

Sai dai fa ziyarar yini guda, a raba buhun shinkafa, a ɗauki hoto, a koma birni kafin la'asar, wannan ba ita ake nufi ba. Malamin da ya zo lokacin shuka, sai ya komo lokacin noman farko, ya komo da kaka ya ga abin da gurgun ya zuba a rumbu.