Wuta Ba Ta Iya Karatu Ba

'Yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata da kuka riga mu fita, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, ana yin ta a ɗakunan kwana da ofisoshi ba tare da kowa ya tsaya ya auna ta ba. Maganar kuwa ita ce, wai matan da ke rubuta littattafan soyayya da na aljanu da Hausa su ne suka lalata tarbiyyar 'yan matanmu, saboda haka maganinsu ashana. Mai faɗin haka yakan faɗa yana hura hanci, sa'an nan in ka tambaye shi guda nawa ya karanta daga ciki, sai ya ce shi Allah ya kiyashe shi. To, alƙalin da ya yanke hukunci bai saurari ƙara ba, mene ne sunansa?

Bari mu fara leƙa Ingila, tun da yake daga can ne mu 'yan boko muka saba aro ma'auni. A can mace tana iya mai da rubutun soyayya da na ban tsoro sana'ar da za ta ci, ta sha, ta biya haraji. Mary Shelley shekarunta 20 sa'ad da aka buga Frankenstein cikin 1818, watau labarin wani ɗalibi da ya harhaɗa halitta da hannunsa ta zame masa dodo, kuma yau a jami'o'i ake koyar da shi. Barbara Cartland ta rubuta littattafai fiye da 700, galibinsu na soyayya, har Sarauniya ta ba ta lambar girma cikin 1991. E. L. James kuwa, wadda ta fito da Fifty Shades of Grey cikin 2011, batsa ta rubuta tsagwaronta, amma ita da ci-gabanta an sayar da fiye da kwafi miliyan 100. Ban ambace ta don yabo ba, gama abin da ta rubuta ba shi da masauki a gidan mai kunya. Abin da nake so a lura da shi shi ne Turawan ma sun gwada hani. Cikin 1960 gwamnatinsu ta gurfanar da kamfanin Penguin gaban kotu saboda wani littafin D. H. Lawrence, har lauyan gwamnati ya tambayi masu taya alƙali hukunci ko za su so matansu ko barorinsu su karanta shi. Nan ya tona asirin zuciyarsa. Shi ya karanta, bai ga ya lalace ba. Tsoronsa duka kada mace da talaka su karanta. Gwamnati ta sha kaye, hayaniyar shari'ar ta zama talla, littafin ya sayu miliyoyi.

Lauyan nan yana da dangi da yawa a ƙasar Hausa. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi makaranta a shekarun 1970 da 1980 sun sha James Hadley Chase, da bindigoginsa da matansa, a makarantun 'yan mata kuma littattafan Mills & Boon suna yawo daga ƙarƙashin wannan matashi zuwa wancan. Ba wanda ya ƙyasta ashana. Da Turanci ne, saboda haka aka kira shi gyaran Turanci. Amma da Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya cikin 1980, daga baya kuma su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka biyo, suna rubutu da harshen da matar aure a Getso ko Garo za ta iya karantawa ko da aji huɗu kaɗai ta yi, sai aka ce duniya ta zo ƙarshe. Laifi tudu ne.

Mu mutanen Gwarzo da Kabo ya kamata mu zama na ƙarshen masu razana da ƙagaggen labari, domin da namu aka aza harsashinsa. A gasar da Hukumar Fassara ta shirya cikin 1933 ƙarƙashin Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka buga shi ne Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, kuma labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Ba mu taɓa jin an ce ya koya wa yaran Kutama sata ba. Cikin biyar ɗin nan har wa yau akwai Jiki Magayi na John Tafida da East. Me ke cikinsa? Attajiri ya yi amfani da dukiya ya ƙwace budurwar saurayi, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Ga soyayya, ga sihiri, ga jini, kuma shekara da shekaru malamai suna koyar da shi a aji. Bambancinsa da abin da ake zagi yau, maza ne suka rubuta shi, hukumar Turawa ta buga.

Batun ban tsoro kuwa, in za a yi adalci, gadon mata ne. Wane ne cikinmu ya fara jin labarin Dodo daga bakin namiji? Kakanninmu mata ne suka zaunar da mu a tsakar gida da farin wata, suka cika mu da dodanni da mayu da aljanu, har yaro ya kasa fita fitsari shi kaɗai. Jikarsu ta ɗauki wannan abu ta sa a takarda, sai mu da muka sha shi da nono mu ce baƙo ne.

Ga shi kuma waɗanda suka fi ɗaga murya ba su san abin da ke cikin littattafan ba. Ɗauki Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda aka cire daga firamare aka aurar tana yarinya ƙarama. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, yarinya ce aka raba da makaranta aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu, ta nemi ilmi da kanta. A Alhaki Kuykuyo Ne, ɗan kasuwa ne ya kori uwar 'ya'yansa tara saboda amarya, matar ta koma sayar da abinci tana riƙe yaran. Ina batsa a nan? Wanda ya taɓa zama a zauren alƙali a ƙasar nan ya ji irin wannan ƙara ba sau ɗaya ba. Ina zaton abin da ya ƙona wa wasu rai shi ne sun buɗe littafi sun ga fuskarsu a ciki. Mutanen Indiya sun ga darajar littafin na biyu, wani kamfani a can ya buga fassarar da Aliyu Kamal ya yi masa da Turanci cikin 2012, alhali nan gida akwai masu digiri a Hausa da ba su taɓa riƙe shi ba. Kuma kullum sai a ce, ina su ina Nana Asma'u? Gaskiya ne, ba su kai ta ba. Amma ka tambayi mai maganar ya lissafa maka waƙoƙinta uku, ka ga yadda zai koma gyaran hula.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk abin da aka buga alheri ne. Da yawa daga cikinsu tarkace ne: ƙa'idar rubutu a karye, labari an kwaso shi daga fim ɗin Indiya, kowace jaruma fara ce mai gashi har gadon baya, kowane saurayi ɗan attajiri ne mai jerin motoci, kamar ba a soyayya a gidan manomi. Akwai kuma waɗanda suka tsoma hannu cikin batsa don neman kasuwa, waɗannan ba ni da abin da zan kare su da shi. Sai dai irin wannan ciwo da alƙalami ake yi masa magani. Haka Ibrahim Malumfashi ya yi a shekarun 1990, ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano ya caccake su, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar masa da martani a jaridu, aka yi ta kai ruwa rana. Kowane ɓangare ka bi, ka ƙaru. Wannan shi ne faɗan masu ilmi.

Hukuma kuwa wata hanya ta bi. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano cikin 2001. Cikin 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta, daga baya kuma aka nemi marubuta su yi rajista, abin da ƙungiyoyinsu suka yi tsaye a kai. Wuta ba ta tambayi wanne ne na gyara wanne ne na ɓarna ba, domin ba ta iya karatu ba. Darasi ɗaya 'yan matan da suka kalli hayaƙin nan suka ɗauka, watau littafin Hausa abin ɓoyewa ne.

To, yau ina aka kwana? Tsadar takarda da zuwan waya sun durƙusar da shagunan hayar littattafai fiye da yadda wuta ta yi, wannan gaskiya ne. Amma rubutun bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa WhatsApp da Wattpad, kuma can ne batsar gaske ta yi sheƙa, ƙarƙashin sunayen aro, a zaurukan da sai an biya ake shiga. Littafin kasuwa yana da sunan marubuciya a bango, yana da maɗaba'a, yana da shagon da za a je a yi ƙorafi. Uwa tana iya tsintarsa a ƙarƙashin katifa ta duba. Wanda ke cikin waya ba shi da ko ɗaya. Marubuciya mai mutuncin da za ta kare ita ce barazana ta tsorata, marar suna kuwa ko a jikinta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Duk da haka masu rubutu na kirki suna nan. Tun 2016 da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata, labaran da ake aikowa sun nuna akwai alƙalami mai kaifi a hannunsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai karantawa da idon basira, wannan kuwa aikinmu ne, ba na 'yan sanda ba. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, motar da ke wucewa ta bakin ƙofa ita ce ke kai mu gida, amma abin da muke koya a sashen Hausa bai taɓa shiga motar ba. Ina kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Gwarzo da na Kabo, a hutun nan kowa ya koma makarantar da ya fito, ya shiga ɗakin karatunta, ya ƙirga littattafan Hausa nawa ne a ciki waɗanda mata suka rubuta, ya kawo lissafin. Da shi za mu tunkari shugabannin ƙananan hukumomin biyu da kuma tsofaffin ɗalibai masu hali, mu ce ga jerin abin da muka karanta muka zaɓa, a saya a zuba. Ina kuma roƙon editan wannan mujalla ya ware shafi guda a kowace fitowa domin sharhin littafi ɗaya na mata, a yabi abin yabo, a soki abin suka, da sharaɗin cewa duk mai son yin sharhi sai ya karanta littafin daga bango zuwa bango, ya kuma sa sunansa na gaskiya a ƙasa.