Kafin a kai ga injin wankin ƙoda a Gombe

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya san cewa da zarar an ambaci ciwon ƙoda, hankalin dangi kan tafi kai tsaye ga wankin ƙoda da kuɗinsa. Hankalin hukuma ma can ya fi karkata: a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Matakin ya cancanci yabo. Sai dai masu ciwon ƙoda da yawa ba sa kaiwa ga injin, domin ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kan riga su cimma ajali.

Ƙodar da ta raunana takan bar jiki cikin wani irin kumburi na ɓoye, wanda ba ya zafi kuma ba a ganinsa sai a gwajin jini. Kumburin yana cin bangon jijiyoyin jini, kitsen da ake kira kolestarol ya samu wurin maƙalewa, hanya ta riƙa ƙuntata. Magungunan statin, irin su simvastatin da atorvastatin, suna rage wannan kitse, suna kuma sassauta kumburin.

Amma lokacin fara shan su shi ne gundarin maganar. Binciken SHARP da aka wallafa a 2011, wanda ya ƙunshi masu ciwon ƙoda 9,270, ya nuna cewa haɗa simvastatin da ezetimibe ya rage manyan matsalolin toshewar jijiya da kashi 17 cikin ɗari. Binciken 4D na Jamus a 2005 da na AURORA a 2009 kuwa, waɗanda aka yi kan masu wankin ƙoda kaɗai, ba su sami wata fa'ida ta a-zo-a-gani ba. Kitsen ya ragu, amma mace-mace ba su ragu ba, domin a wannan mataki jijiyoyi sun riga sun ƙandare. Shi ya sa ƙungiyar masana ƙoda ta KDIGO ta ba da shawara a 2013 cewa a ba mai ciwon ƙoda ɗan shekara 50 zuwa sama statin tun bai fara wanki ba, kada kuma a fara ba shi bayan ya hau inji, sai dai wanda ya riga ya fara ya ci gaba.

A nan ne gazawar take. Mai hawan jini ko ciwon suga a Jekadafari ko Pantami yana iya shafe shekaru yana karɓar magani ba tare da an taɓa auna ƙarfin ƙodarsa ba, alhali gwajin jini da na fitsari sun isa. Sai ƙafa ta kumbura a garzaya asibiti, lokacin da ƙwayar ta riga ta rasa mafi yawan amfaninta.

Masu tsara kasafi a Abuja na da abin yi. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, don haka ya kamata gwajin ƙoda na shekara-shekara ga masu hawan jini da suga ya zama ƙa'ida a cibiyoyin lafiya na matakin farko, a kuma tabbatar statin ba ya yankewa a ɗakin magani. Ma'aikacin da ke da iyaye a Gombe, shi ma, zai iya tambayar likitansu yaushe aka yi musu gwajin ƙoda na ƙarshe, kuma ko adadin maganin da suke sha ya dace da sakamakon.