Waiwaye: Ranar da Kawu Ya Durƙusar da Ni a Ɗakin Zomaye

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na tsakanin Funtua da Malumfashi ya san yaro ba ya fara dukiya da saniya. Da tattabara yake farawa, ko kaza, ko zomo. Mu 'yan zomo ne. Muna da ɗan ɗakinmu na ƙasa a bayan rumbu, mai jinka, mun binne fasasshen tulu a kusurwa domin uwa ta haihu a ciki. Da an tashi daga makarantar allo da la'asar sai mu bazama bakin fadama da lauje, mu dawo da yaɗiya da ganyen dankali, idan kaka ta yi kuma mu roƙi damin harawa a wurin manya. Lokacin muna cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka yanke mana Katsina. Aikin gona na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya fara a 1975, malaman gona suna ratsa ƙauyuka a kan babura. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta zo da shirinta na ciyar da ƙasa, har makarantun firamare suka koma yin lambu. Kiwon ƙananan dabbobi ya zama abin ado ga yaro.

A cikin wannan zamani na tara kuɗin ɗibar auduga, na je wata kasuwar ƙauye na sayo farin zomo mai jajayen idanu, irin wanda muke kira na Turawa. A gaban mai sayarwa ya yi atishawa sau biyu. Mutumin ya ce ƙurar kasuwa ce, ni kuwa ido ya riga ya rufe, na biya ban ko taya ba. Ina isa gida na sake shi cikin zomayena goma. Hunturu ya kankama a lokacin, iska tana kaɗawa da hazo, sai tausayi ya kama ni. Na nemo tsofaffin buhuna da tsummokara na toshe kowace kafa ta ɗakin, har 'yar tagar da ke sama, don kada sanyi ya taɓa su. A zuciyata na yi musu gata.

Idan muka duba yau, yaranmu sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Suna da keji na waya, suna ganin zomo a Facebook su yi ciniki ta waya, a sa musu shi a kwali cikin motar Kaduna ko Zariya, kafin magariba ya sauka a tashar Funtua. Abin da bai canja ba shi ne ɗokin nan na mai sabon zomo, wanda ba ya iya jira ko kwana ɗaya kafin ya haɗa baƙo da 'yan gida. Ɗokin da ya ci ni shekaru kusan hamsin da suka wuce shi ne yake cin jikokinmu.

Mako biyu bai cika ba ɗakin zomayena ya ɗauki atishawa. Da fari ruwa ne garai-garai a hancinsu, daga baya ya koma farar majina mai kauri. Idan dare ya yi tsit kana jin numfashinsu kamar na mai minshari. Na kai kuka wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, mutumin da bai yi boko ba amma bai taɓa rabuwa da dabba ba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi buhunan da na cusa, bai ce uffan ba. Can ya ce, "Kai ɗan nan, durƙusa. Sa hancinka daidai inda nasu yake." Na durƙusa. Zarni ya doke ni har idanuna suka kawo ruwa, na yi baya ina tari.

"Me ka ji?"

"Zarni, Kawu."

"To kai numfashi uku ka yi ka gudu. Su nan suke kwana, nan suke wuni."

Sai ya kamo farin nan, ya tallafe shi, ya juyo min cikin ƙafafunsa na gaba. Gashin wurin ya dunƙule ya bushe, ya yi rawaya-rawaya. Ya ce, "Zomo ba shi da hankici, ga hankicinsa nan. Kafin ka kai shi kasuwa kana iya goge masa hanci, amma wa zai tuna da ƙafa? Da nan ka duba, da kuɗinka suna aljihunka."

Sai da na girma na zauna da likitocin dabbobi na gane Kawu ya karanta littafin da ba a rubuta ba. Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi. Mu idan mura ta toshe mu sai mu buɗe baki, shi kuwa ranar da ka ga yana haki da baki a buɗe, to abin ya kai intaha. Fitsarinsa idan ya jiƙa ƙasa ya kwana yana fitar da wata iska mai yaji da ake kira amoniya, ita ce zarnin da ya kore ni, kuma ita ce take ƙona lallausar fatar cikin hanci ta buɗe wa ciwo ƙofa. Ƙwayar cutar da ta fi shiga ta wannan ƙofa sunanta Pasteurella multocida, an raɗa mata sunan Louis Pasteur na Faransa, wanda ya yi bincike a kanta a jikin kaji wajen 1880. Zomaye da yawa suna ɗauke da ita a hanci ba tare da wata alama ba, tana kwance kamar garwashi cikin toka. Wahalar tafiya, cunkoso, zafi, haihuwa ko ɗaki marar iska su ne ke hura ta. Daga hanci takan bi ta shiga ido ya yi ta hawaye da kwantsa, ko ta gangara huhu, ko ta tara ƙurji a ƙarƙashin fata, ko ta shige can cikin kunne. Farin zomona ta kunne ta bi shi. Wata safiya na same shi wuya a karkace, yana juyi wuri ɗaya kamar wanda aka yi wa asiri.

Akwai kuma abin da muka manta game da asalin dabbar. Zomon tatsuniya, mai wayon nan da aka ce ba bawan giwa ba ne dajinsu ɗaya, zomon daji ne. Shi da gashinsa ake haihuwarsa, ido buɗe, a fili yake kwana a gindin ciyawa. Na gidan nan kuwa kakanninsa daga Sifen da Fotugal suke, tsirara ake haihuwarsa ido rufe, bayan cikin kwana 31 ko kusa da haka. Rigar gashinsa ta ishe shi hunturunmu, matuƙar iska ba ta dukansa kai tsaye kuma ƙasa a bushe take. Bazara ce abokiyar gabarsa: da zafi ya haura digiri 30 yake fara galabaita. Ke nan ni na kare su daga abin da ba ya cutar da su, na kulle su da abin da ke kashe su. Tausayi idan babu sani, ɗan'uwan mugunta ne.

A ranar da ya durƙusar da ni, Kawu ya sa na cire buhunan duka. Muka ware masu majina muka kai su wani kango can nesa. Muka kankare jiƙaƙƙiyar ƙasar ɗakin har sai da muka tarar da busasshiya, muka zuba toka, muka rufe ta da sabon rairayi daga rafi don kada ƙurarta ta tashi. Ya ce kullum in fara ciyar da masu lafiya, marasa lafiya su zama na ƙarshe, sannan in wanke hannu da sabulu. Ya hana ni ba su harawar da ta yi fumfuna a ƙasan dami, ya ce in riƙa kakkaɓe ta a waje kafin in shigar. Duk da haka biyar sun tafi, har da farin da na ci buri a kansa. Shida sun tsira, kuma daga cikinsu ne na sayar na ɗinka rigar salla ta gaba.

Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Ɗakin ƙasa yana da nasa sharrin: muzuru, gafiya, maciji da kwarkwasa sun sha yi mana ɓarna, kuma kejin waya mai tsayi daga ƙasa, wanda fitsari ke zuba ƙasa a share, ya fi shi tsafta. Matsalar ita ce inda muke ajiye kejin. Gidajenmu na cikin gari sun matse, sai ka tarar da shi a lungun siminti mai rufin kwano, kusa da janareta ko murhu, an shimfiɗa dusar katako mai ƙura, da dare kuma a kunna maganin sauro a gefensa. Ga shi rashin tsaro a yankunan Faskari, Sabuwa da Dandume ya rage wa mutane shiga daji neman ɗanyar ciyawa, mai zomo ya koma dogara da dusa. Haƙoran zomo kuwa ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa da harawa ce ke goge su. Idan ya rasa abin tauna, saiwar haƙoran sama takan tokare hanyar hawaye da hanci. Shi ya sa majinar da ke fita ta kafar hanci ɗaya kawai take sa likita ya fara duba haƙori, ko ya nemi tsinken ciyawa da ya maƙale.

Sai kuma kafso, wanda Kawu bai san shi ba, kuma rashin saninsa ya yi wa zomayena rana. Yau da zomo ya yi atishawa sai a aiki yaro kemis ya sayo amfisilin ko amoksilin, a fasa a ruwan sha, kamar yadda ake yi wa kaji. Cikin zomo ba irin na kaza ba ne. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjinsa da suke narka masa ciyawa, kuma magungunan dangin fenisilin idan aka ba shi ta baki suna kashe su, sai zawo ya biyo baya, kwana kaɗan a wayi gari ya mutu. Mai shi ya ce mura ce ta kashe shi, alhali magani ne. Akwai magungunan da suka dace, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa ya kuma auna gwargwadon nauyin zomon, kuma sau da yawa makonni ake yi ana bayarwa. Ko an ga sauƙi ciwon yakan dawo, don haka uwar da ba ta rabuwa da majina ba a barinta ta yi ta haihuwa, domin a nan cikin gida take shafa wa 'ya'yanta. Mu kuma ba mu da uzurin nisa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa tana Shika, a kan hanyarmu ta zuwa Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, kuma akwai malaman dabbobi a ƙananan hukumominmu. Idan kuwa aka ga zomaye suna faɗuwa farat ɗaya, wani da jini a hanci, wannan ya wuce mura. Alamar wata annoba ce ta daban da aka tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 2020, kuma sai a gaggauta sanar da hukuma.

Kwanan baya jikana ya shigo da kwali, yana ta murna ya samo zomo mai dogayen kunnuwa. Na ce, "Zo nan, abokina, kafin ka sake shi." Na nuna masa cikin ƙafafun gaba, muka tarar da su tsaf. Duk da haka na ce baƙo sai ya yi wata guda a kejinsa shi kaɗai. Ya tura baki ya ce, "Kaka, kai dai komai sai ka ja shi." Na ja hannunsa zuwa lungun da ya ajiye sauran, na ce ya durƙusa. Bai kai numfashi uku ba ya miƙe yana murza ido. Washegari da kansa ya janyo kejin zuwa inuwar darbejiya.

Ya kai mai karatu, idan akwai zomo a gidanka, naka ne ko na ɗanka, yau kafin ka kwanta ka ɗaga shi ka duba cikin ƙafafunsa na gaba. Sannan ka durƙusa ka shaƙi iskar da yake shaƙa. Idan ba za ka iya kwana a wurin ba, to ka canja masa wuri tun kafin ka nemi magani.