Buɗaɗɗiyar Jami'a da Mai Gadi a Bakin Ƙofa

A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, bayan an gama sauraron gajerun labarai an shiga hira, wata 'yar'uwarmu marubuciya ta ba da uzurin cewa ba za ta samu zuwa zama na gaba ba, domin tana da jarrabawa. Da aka tambaye ta a wace makaranta, sai ta ce a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN. Nan take wani daga cikin malamanmu, mai digiri har biyu, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ashe ke ma kin shiga jami'ar kan gado?" Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma na lura ba ta ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Matar nan tana da 'ya'ya biyar a gida da littattafai bakwai a kasuwa.

Tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san ra'ayin nan ba na malamin ne shi kaɗai ba. Da yawa daga cikin 'yan bokonmu suna ganin jami'ar nan ta cika sauƙi, kowa da kowa yana shiga, saboda haka digirinta ba shi da nauyi. Ni kuwa ƙorafina a kanta kishiyar nasu ne. Ina ganin ƙofar da aka ce an buɗe, rabi kawai aka buɗe, kuma mutanen da aka bari a waje su ne irinmu.

Bari mu ɗan waiwayi baya. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa wannan jami'a a 1983. Ba ta yi shekara guda ba gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a watan Afrilun 1984, ta kwanta kwanciyar magirbi har sai da gwamnatin Obasanjo ta tashe ta, aka ƙaddamar da ita a 2002. Shekara goma sha takwas ke nan. Abin mamaki, shi Buharin ne kuma, bayan ya dawo a farar hula, ya sa hannu a 2018 kan gyaran dokar da ta ƙara daidaita matsayinta da na sauran jami'o'i.

To, mai karatu ya duba waɗannan shekaru goma sha takwas da kyau. A daidai cikinsu ne rubutun zube na Hausa ya yi ambaliyar da bai taɓa yin irinta ba. Su wa suka yi wannan aiki? Da yawa daga cikinsu mutanen da boko ya wuce su ne suna yara, suka bi shi da gudu bayan sun girma. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya ƙarama, ta hanyar karatun manya ta dawo, kuma ita ce ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Malam Ado Ahmad Gidan Dabino a ajin manya na yamma ya yi bokonsa, ga shi nan In Da So Da Ƙauna ya shiga kusan kowane gida. Masu karanta littattafan ma haka suke: matan aure da teloli da 'yan kasuwa, waɗanda Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, da makamantanta suka koya wa haɗa baƙi. Kafin su kuma akwai 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, waɗanda hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga wa ƙananan littattafai. Adabinmu na zamani ɗan karatun manya ne, ko an so ko an ƙi. Duk marubucin Hausa da ya raina wanda ya koma karatu da furfura, to ya raina tushensa.

Sa'an nan ina so masu ba'ar su gaya mini, wane ne ya fi shan wuya: yaron da ubansa ya biya masa komai, yana kwana a ɗakin ɗalibai, malami yana tsaye a kansa, ko magidancin da zai dawo daga aiki bayan magariba, ya ji da cefane da kukan yara, sa'an nan ya buɗe littafi shi kaɗai ba mai tsawata masa? A tsarin karatu daga nesa ba wanda zai kira sunanka da safe. Za a ba ka kayan karatu, ka yi aikin gwaji ka aika, ranar jarrabawa ka je cibiyar karatu ka zauna a gaban masu sa ido kamar kowa. Wanda ba shi da naci ba ya kai labari. Obasanjo kansa, bayan ya sauka daga mulki, a nan ya zauna ya yi karatu har ya karɓi digirin digirgir a farkon 2018, yana da shekara tamanin. Akwai fursunoni a gidajen yari irin su Kirikiri da Kuje da suke karatu a cikinta kyauta. Da ma Bahaushe ya ce gemu ba ya hana ilmi, sai ga shi mu masu karin maganar mu ne masu dariya.

Wannan ke nan game da masu ba'a. Yanzu bari in juyo kan ita jami'ar, don kada a ce na zama maroƙinta.

Turawan Ingila da suka fara irin wannan jami'a a 1969 sun ba ta sunan buɗaɗɗiya ne saboda dalili guda: a mafi yawan darussan digirin farko ba sa tambayar takardar kammala sakandare. Ka zo ka fara, in ka iya ka ci gaba, in ka kasa karatun da kansa zai sallame ka. Mu kuwa da muka aro sunan, sai muka baro ma'anar a can. Mai neman digiri a tamu buɗaɗɗiyar sai ya kawo kiredit biyar, ciki har da na Turanci, daidai da abin da ake nema daga ɗan shekara goma sha bakwai. Wato an rubuta "a buɗe take" a saman ƙofa, an kuma ajiye mai gadi a ƙasa yana tambayar mutane da Ingilishi.

Abin ya fi ciwo idan aka zo ga darasin Hausa. Jami'ar tana ba da digiri a Hausa, kuma wannan abin a yaba ne. Amma a ce mutumin da ya rubuta littafi goma da Hausa, wanda ɗaliban jami'o'i suke nazarin littattafansa suna samun digiri, shi ba zai zauna a ajin da ake nazarinsa ba saboda ya faɗi Turanci shekara talatin da suka wuce? Haba jama'a! Littafinsa ya cancanci shiga aji, shi bai cancanta ba? Ita Hajiyar da na ba da labarinta, daga baya ta gaya mini sau uku tana zama jarrabawar kammala sakandare tare da sa'o'in 'ya'yanta kafin ta samu kiredit ɗin Turanci. Ita ta jure. Nawa ne suka gwada sau ɗaya suka haƙura?

Na san abin da za a ce. Za a ce ƙa'idar ta ƙasa ce baki ɗaya, Hukumar Kula da Jami'o'i ce ke gindaya ta, kuma in aka sassauta, masu raina digirin za su ƙara samun abin faɗa. Gaskiya ne akwai wannan tsoro. Amma darajar digiri a ƙofar fita ake auna ta. A tsananta jarrabawa yadda ake so, a kayar da duk wanda bai iya ba, ba mai cewa don me. Wanda ya kai shekara talatin da biyar, yana da sana'a ko rubuce-rubucen da za a iya dubawa, a ba shi shekara guda ta share fage, a koya masa Turancin da karatun yake bukata, in ya ci ya wuce. Ƙa'ida mutane ne suka rubuta ta, ba saukar da ita aka yi ba.

Akwai kuma mai gadi na biyu, wato kwamfuta. Rajista ta intanet, aikin gwaji ta intanet, a ƙasar da wutar lantarki take zuwa kamar baƙo. Jami'ar Ingila da rediyo da talabijin na BBC ta fara isar da darussanta. Mu da Bahaushe yake kwana da rediyo a kunne, me ya hana a sa darasi a Rediyon Kaduna da gidajen rediyon jihohi bayan sallar isha'i?

Laifinmu mu marubuta shi ne shiru. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu ne shugaban wannan jami'a, mutumin da ya tsaya ya kare littattafanmu a muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990, lokacin da ake kiransu adabin kasuwa. Shekara biyar namu yana kan kujera, mu kuwa muna nan muna faɗa a kan wa zai zama ma'aji. Wannan dama ta wuce, amma jami'ar tana nan a Jabi cikin Abuja, kuma tana karɓar wasiƙa.

Don haka ina kawo shawara ga babban taronmu mai zuwa: a tattara sunayen mambobin da suke da littafi a kasuwa amma ba su da takardar shiga jami'a, a haɗa da jerin littattafansu, a rubuta wa jami'ar da Hukumar Kula da Jami'o'i takardar neman a buɗe musu hanya. Malaminmu mai digiri biyu ya iya Turanci ƙwarai, ina roƙon a ba shi aikin rubuta takardar.